Uwa guda ce ke sabunta fatar ɓera, ko kowane sel da sa'arsa?

Ɗalibar_Bayoloji:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana ku warware min wani abu da ya ɗaure min kai tun satin da ya wuce. A handawut ɗin da aka ba mu an rubuta cewa fatar sama ta ɓera a rarrabe take gida-gida, kowane gida da uwar sel guda ɗaya a tsakiya wadda ba ta cika rabuwa ba, ita ke haifar waɗanda ke kewaye da ita, su kuma su rabu 'yan lokuta kaɗan sai su hau sama su bushe su kaɗe. Na haddace wannan tsaf, har zanen ma na iya. Sai jiya ina karatu na ci karo da bayanin da ke cewa wai sam babu wata uwa, duk sel ɗin da ke can ƙasa matsayinsu ɗaya, sa'a ce kawai ke raba wanda zuri'arsa za ta ɗore da wanda tasa za ta ƙare. To wanne ne gaskiya? Ba don jarrabawa kaɗai nake tambaya ba wallahi, abin ne ya tsaya min a rai, ta ya ya za a ce fatar da kaurinta ba ya sauyawa tsawon rayuwar dabba da sa'a take tafiya?

Gwanin_Kallo:
Wa alaikumussalam. Mu ma haka aka koya mana, uwa ɗaya gida ɗaya. Bari manya su iso mu ji.

Tsohon_Malami:
Wa alaikumussalam 'yata. Handawut ɗinku bai yi ƙarya ba, tsufa ne ya kama shi. Bari in fara daga inda babu gardama. Fatar sama hawa-hawa ce, na can ƙasa yana manne da wata siririyar shimfiɗa da ta raba shi da fatar ciki, kuma a wannan hawan ne kaɗai sel ke rabuwa biyu. Duk wanda ya saki shimfiɗar nan ya hau sama to shi da rabuwa har abada, sai ya canza irin keratin ɗin da yake yi, wato furotin ɗin da ke ba fata ƙarfi, a ƙasa mai lamba 5 da 14 yake yi, a sama 1 da 10, yana hawa yana bajewa har ya zubar da cibiyarsa mai ɗauke da DNA ya zama busasshen ɓawo ya kaɗe. Wannan kowa ya yarda da shi. Shi kuma zancen gida-gida daga Christopher Potten ya yi ƙarfi, wani mai bincike a Manchesta ta Ingila, a 1974. Kuma ba daga kansa ya ƙirƙiro ba, abin da ido ya gani ne, idan kika duba fatar bayan ɓera ko ta kunne a madubin lab za ki ga busassun ɓawon nan masu kusurwa shida sun jeru ɗaya kan ɗaya reras, ƙarƙashin kowane jeri akwai sel kamar 10 a hawan ƙasa, kuma aka lura na tsakiyar bai cika rabuwa kamar na gefe ba. To duk mai hankali da ya ga haka zai ce ga uwa ga 'ya'ya. Shekaru da yawa na koyar da shi a haka ina mai sakankancewa, kuma har yau ina ganin girman aikin, don da kayan aikin zamaninsa iyakar abin da za a iya gani kenan.

Lissafi_Zalla:
Baba Malam ya share fage, ni bari in shiga inda aka samu saɓani don nan ne fannina ya shigo. A 2007 wasu masu bincike a Kambirij, ƙarƙashin Philip Jones tare da Benjamin Simons wanda shi asalinsa masanin fiziks ne ba likita ba, suka yi wata dabara. Sun samar da ɓerayen da idan aka yi musu allurar wani magani sai sel ɗaya-ɗaya a hawan ƙasa ya kama wani launi mai haske, kuma launin a cikin ƙwayar gadonsa yake, wato duk ɗan da ya haifa da jika da tattaɓa kunne da launin za su fito. Sai suka riƙa duba fatar wutsiya lokaci bayan lokaci har shekara guda suna ƙirga girman kowace zuri'a. Yanzu ki yi tunani, in da gaske gida-gida ne mai iyaka, zuri'ar uwa za ta girma ta cika gidanta, sel 10 ɗin nan, ta tsaya cak. Amma ba haka aka gani ba. Yawan zuri'o'in sai raguwa yake, da yawa sun ɓace ƙurmus, waɗanda suka rage kuma sai ƙara faɗi suke babu alamar tsayawa, wasu manya wasu ƙanana babu wani ma'auni guda. Da aka zauna aka yi lissafi sai aka ga abin da ya dace da alƙaluman shi ne sel iri ɗaya ne ke rabuwa, kusan sau ɗaya a mako, kuma kowace rabuwa ɗaya daga cikin sakamako uku take bayarwa, ko dai 'ya'yan biyu duk su zauna a ƙasa su ci gaba da rabuwa, ko duk biyun su kama hanyar sama, ko ɗaya ya zauna ɗaya ya tafi. A wutsiya wajen 84 cikin 100 ɗaya-zauna-ɗaya-tafi ne, 8 duk su zauna, 8 duk su tafi.

Ɗalibar_Bayoloji:
Na gode sosai Yaya. To amma nan ne fa gizo ke saƙar. In kowane sel ƙuri'a yake jefawa, me zai hana wata rana a wani wuri duk su zaɓi tafiya sama a bar wurin fayau, ko duk su zauna fatar ta kumbura?

Lissafi_Zalla:
Ki sake duba 8 da 8 ɗin nan, sirrin yana wurin. Tunda damar duk-su-zauna daidai take da damar duk-su-tafi, a jimla abin da ya fita shi ne ya shigo. Zuri'a guda tana iya ƙarewa gobe, amma maƙwabciyarta da ta yi dace ita ke cike gurbin, kuma muna maganar miliyoyin sel ne ba goma ba. Ki jefa kwabo sau 4 kina iya samun fuska ɗaya duk huɗun, ki jefa sau dubu ɗari ki ga yadda zai rabu kusan biyu daidai. Sannan in sel ya fara ba 'ya'yansa damar zama fiye da damar tafiya ko da ɗan kaɗan ne, to wannan zuri'ar ba za ta daina mamaye wuri ba, kuma irin karkatar da ake gani kenan a sel ɗin da suka samu sauyin gado irin na p53, ƙwayar gadon da ke kare sel daga zama ciwon daji, a fatar ɓeran da ake haska wa hasken da ke ƙona fata a rana.

Mai_Shakka:
Ni fa ina da ja. Wutsiyar ɓera aka duba, wutsiya kawai, sai a ɗauka a ce haka fata take? Wutsiyar da ɓawo-ɓawo ne da ita kamar jikin ƙadangare? Ni a ganina an yi gaggawar rushe aikin Potten, shi fa baya da kunne ya fi dubawa.

Ɗan_Lab:
Mai_Shakka tambayarka a kan hanya take, kuma su ma sun san da ita shi ya sa daga baya suka maimaita a kunne, aka sake samun irin wannan sakamakon. Amma bari in gaya muku dalilin son wutsiya don ni da hannuna na sha yi. Fatar wutsiya ta fi ta baya kauri kuma gashinta bai cika yawa ba. Za ka yanka ta gunduwa-gunduwa ƙanana, ka jiƙa cikin ruwan EDTA, wani sinadari mai sassauta mannewar fatar sama da ta ciki, a ɗumi irin na jiki na wasu awanni, sai ka ɗora a faranti ƙarƙashin madubi ka kama gefe da ɗan hantsaki mai tsini ka ja a hankali kana riƙe numfashi, sai ka ga fatar sama ta ɗago gaba ɗayanta shara-shara, ta rabu da ta ciki, ramukan gashi suna reto a ƙasanta uku-uku a jere kowanne da 'yan jakunkunan maiƙonsa. Ranar da na fara samun guda cikakkiya ba ta yage ba na kifa ta a gilashi na kashe fitilar ɗaki na kunna hasken madubin, wallahi na daɗe ban motsa ba, duhu ne ko'ina sai tsibirai masu haske warwatse, wani sel biyu kacal, wani huɗu, wani kuma ya bazu ya fi talatin da gefe a karkace babu wata kusurwa shida. Duk wanda ya ga wannan da idonsa zai yi wuya ya koma ya yarda da gida mai katanga. Sai dai gaskiya ɗaya ce, wutsiyar kanta ba iri ɗaya ba ce, akwai wurin ɓawon akwai tsakanin ɓawo da ɓawo, kuma ƙungiyar Tudorita Tumbar a jami'ar Cornell ta Amurka ta nuna a 2016 cewa na wurin ɓawon sun fi saurin rabuwa, na tsakani sun fi jinkiri, kowane yanki kusan da nasa yake rayuwa.

Dakta_Fata:
Na ji daɗin da Ɗan_Lab ya kawo wannan na ƙarshen, don kada Ɗaliba ta tafi da cewa an rufe babin tun 2007. Ba a rufe ba. A 2012 ƙungiyar Cédric Blanpain a Burasels ta Beljiyam ta yi irin wannan bin zuri'ar a wutsiya amma da alama iri biyu, ɗaya ta rataya a keratin 14 ɗaya a wani furotin daban, sai suka ga alamun biyu ba jama'a ɗaya suke kamawa ba. Ɗaya ta kama irin sel ɗin Kambirij masu rabuwa kusan duk mako da ƙuri'arsu, ɗayar kuma ta haɗo har da wasu masu nawa da ba sa rabuwa sai kamar sau 4 zuwa 6 a shekara. Da aka yi wa wutsiyar rauni, zuri'ar masu nawan nan ce ta taso ta yi aikin da ya ɗore, ta masu saurin ba ta taɓuka abin kirki na dindindin ba. To kin ga uwa ta dawo ta wata ƙofar, ba mai gida da katanga irin ta Potten ba, amma dai akwai babba akwai ƙarami. Ni nan na fi karkata, don a asibiti rauni nake gani kullum, kuma rauni ne ke tona wanda ke da ƙarfin ajiya.

Tauraruwa22:
Ku yi haƙuri in ɗan kauce. Wai da gaske ne fata kwana 28 take ɗauka ta sabunta? Duk tallan man shafawa haka suke cewa, yi amfani da shi kwana 28 ki ga sabuwar fata. Daga ɓera aka samo lambar ko kuwa?

Dakta_Fata:
A'a 'yar uwa, ba daga ɓera ba. Shi ɓera ya fi mu sauri nesa ba kusa ba, kamar kwana 8 zuwa 10 ne sel ya taso daga ƙasa ya kaɗe, don fatar bayansa siririya ce ƙwarai, hawa biyu zuwa uku ne na rayayyun sel, gashi ne ke ɗauke masa yawancin aikin kariya. Ta mutum ta fi hawa da yawa, ana cewa wata guda, wasu lissafin ma sun kai kwana 40 zuwa 56, kuma ya danganta da shekaru da wurin da ke jiki. Sabuntawar nan ko kin shafa ko ba ki shafa ba tana tafiya. Kuma sauri ba shi ne lafiya ba, masu cutar soriyasis matsalarsu kenan, sel na isa sama cikin ƙasa da mako bai gama nuna ba, sai ya taru ya yi farin ɓawo mai kauri da ƙaiƙayi. Ɓera ba ya kamuwa da ita da kansa, wani man imikwimod ake shafa masa a baya na 'yan kwanaki kafin ya yi mai kama da ita.

Nas_ta_Dare:
Dakta maganar raunin nan ta tuna min da abin da na gani da idona kuma ban taɓa mantawa ba. Wata baiwar Allah muka yi jinya, ruwan zafi ya zube mata a cinya, ƙunar ta cinye fatar sama amma ba ta yi zurfi har can ba. Kullum ni ke canza mata bandeji. Wajen sati na biyu ina buɗewa sai na ga wasu ɗige-ɗige ƙanana masu duhu sun fito a tsakiyar jan naman, a warwatse amma kusan tazararsu ɗaya, ni a lokacin ban daɗe da fara aiki ba na ɗauka datti ne ko ciwon ya fara ruɓa har gabana ya faɗi, na kira babbarmu ta duba ta ce kar ki kuskura ki goge, sabuwar fata ce ke fitowa daga ramukan gashi. Kullum ɗigon na faɗaɗa har suka haɗe da juna. Matar da ta ga haka kuka ta yi don daɗi. Tun ranar nake mamakin yadda ramin gashi ke da hannu a wannan aikin.

Tsohon_Malami:
Malama Nas abin da kika gani a ɓera aka gano bayaninsa. A 1990 George Cotsarelis da Tung-Tien Sun da Robert Lavker a Amurka suka ba jariran ɓeraye wata alama mai shiga DNA, suka jira makonni, duk sel mai yawan rabuwa alamarsa ta tsinke ta ɓace, masu nawa ne kaɗai suka riƙe ta, sai ga su a tattare a wani ɗan kumburi a jikin ramin gashi daidai inda tsokar da ke tayar da gashi take kamawa. Har aka yi zamanin da ake zaton su ne uwayen fata gaba ɗaya. Sai a 2005 aka nuna cewa in lafiya lau ake ba ruwansu da fatar sama, gashinsu kawai suke yi, amma da an ji rauni sai su yi ɗango su fito su nufi wurin, kuma yawancin zuri'arsu bayan makonni sai ta ɓace daga sabuwar fatar. Masu kai ɗauki ne ba mazauna ba.

Mai_Kiwon_Ɓeraye:
Ni aikina kula da ɗakin ɓerayen bincike ne, shekara da shekaru. Ina so in ja hankalin masu karatu a kan rauni, kar ku ɗauki warkewar ɓera ku ɗora wa mutum kai tsaye. Fatar ɓera sako-sako take a jikinsa, ka kama ta bayan wuya ka ɗaga sai ta biyo ka, kuma akwai wata siririyar tsoka shimfiɗe a ƙarƙashinta wadda mu ba mu da ita sai ɗan saura a wuya. Ka huda masa fata a baya cikin 'yan kwanaki ramin ya tsuke, ba don sabuwar fata ta rufe ba, bakin raunin ne ya jawo juna. Shi ya sa masu binciken kirki ke ɗinka wani zoben roba kewaye da raunin ya hana shi tsukewa don a tilasta wa sel su yi rarrafe su rufe kamar yadda namu ke yi. Ko gumi ma ɓera a tafin ƙafa kaɗai yake da shi.

Mai_Tausayi:
Ni duk bayanin nan da kuke zuciyata na wurin dabbar. A huda, a yanka wutsiya, a haska wuta. Rai ne fa. Ba yadda za a yi a san abin nan ba tare da an kashe su ba?

Mai_Kiwon_Ɓeraye:
Allah ya saka miki da alheri da kika faɗa, don ni da nake ba su abinci da ruwa kullum na fi kowa jin abin. Ba a taɓa ɓera sai kwamitin kula da haƙƙin dabbobi ya amince da tsarin aikin, ana sa su barci kafin a yi komai, ana ba da maganin ciwo bayan nan, kuma dole mai bincike ya kare adadin da ya nema. Na taɓa hana wani ɗalibi shiga ɗakin sati guda saboda ya bar keji babu ruwa dare ɗaya. Sannan akwai hanyar da ta rage kisan sosai kuma ita ce ma za ta amsa wa Ɗaliba tambayarta. Ƙungiyar Valentina Greco a jami'ar Yale suna sa ɓera barci su shimfiɗa kunnensa ko tafin ƙafarsa ƙarƙashin wani madubi mai leza da ke gani cikin fata ba tare da yanka ba, su ɗau hoto, ya farka ya koma kejinsa, gobe ko jibi su dawo daidai wurin nan su sake ɗauka, har su san kowane sel da maƙwabtansa ɗaya bayan ɗaya. A 2016 suka ba da rahoton cewa a wuraren nan ba su ga wasu manya da ƙanana ba. A 2018 kuma suka ga wani abin da ya fi burge ni, wai ashe tafiya ce ke riga rabuwa, sel zai saki shimfiɗa ya hau sama, sai na kusa da shi ya samu fili ya baje ya ƙara girma sannan ya rabu biyu ya cike gurbin.

Ɗalibar_Bayoloji:
Allahu akbar. Malam wannan ya kwance min ƙullin da ke raina wallahi. Kenan ba wai kowa na jefa ƙuri'arsa a makance ba ne, yana jin abin da maƙwabcinsa ya yi. Ni da a kaina rabuwa ce ke turo na sama, kamar cunkoso ya yi yawa sai a ture wani. Ashe gurbi ne ke kiran haihuwa. To in haka ne kalmar sa'ar nan ma ba ta dace ba ko?

Lissafi_Zalla:
Ta dace in kin fahimci me ake nufi da ita. In muka ce sa'a a lissafi ba muna nufin babu tsari ko babu dalili ba, muna nufin in kika nuna min sel guda yau ba zan iya ce miki zuri'arsa ce za ta rage bayan shekara ba, don bai fi na kusa da shi da komai ba. Wa zai tafi, wa ke kusa da gurbin a lokacin, wannan ne ba a rubuce a goshin kowa ba. Aikin Yale bai rushe na Kambirij ba, ya nuna dalilin da ya sa 8 da 8 ɗin suke daidaita ne.

Baƙon_Zaure:
Tunda ana maganar ɓeraye, akwai wani ɓeran daji mai gashi kamar ƙaya a Kenya da aka ba da rahotonsa a 2012, in maƙiyi ya cafke shi fatar ce ke yagewa ya tsere, yana iya rasa fiye da rabin fatar bayansa, kuma ta dawo har da gashi da jakunkunan maiƙo babu tabo. Ko kunnensa aka huda rami mai faɗin milimita 4 sai ya cike har da guringuntsi. Na lab kuwa tabo yake yi kamar mu. Ni da ni ne mai rabon kuɗin bincike wannan zan sa a gaba.

Mai_Shakka:
To duk mun ji. Amma har yanzu ina nan kan bakata, shekara hamsin ana gardama a kan wutsiya da kunnen ɓera, wane majinyaci ne ya amfana? A faɗa min guda ɗaya.

Dakta_Fata:
Zan faɗa maka fiye da ɗaya ɗan uwa. Stanley Cohen yana yi wa jariran ɓeraye allurar ruwan da ya tatso daga gilan ɗin yawun ɓera sai ya lura idanunsu na buɗewa da wuri, wajen kwana 7 maimakon 12 zuwa 14, haƙora ma na riga lokaci. Ya bi diddigi har ya ware sinadarin a 1962, shi ne EGF mai sa sel ɗin fata girma, ya samu kyautar Nobel a 1986, kuma yau akwai magungunan ciwon daji da aikinsu toshe makarɓar wannan sinadarin ne, shi ya sa ma masu shansu ke fama da ƙuraje a fata. Na biyu, a 1975 James Rheinwald da Howard Green suka gano yadda za a raya sel ɗin fatar mutum a faranti, kuma ba su iya ba sai da suka shimfiɗa musu sel ɗin ɓera a ƙasa suna ciyar da su. Da wannan aka ceci wasu yara biyu 'yan uwan juna a Amurka da wuta ta cinye fiye da kashi 90 na jikinsu a 1983, daga ɗan abin da ya rage aka noma musu fata. Na uku shi ne ya fi taɓa ni, a 2015 a garin Bochum na Jamus an kwantar da wani yaro ɗan shekara 7 mai cutar gado da ke sa fatar sama ta ƙi manne wa ta ciki, ya rasa mafi yawanta har an fara fid da rai. Aka yanki 'yar fata kaɗan aka kai wa Michele De Luca a Modena ta Italiya, suka gyara ƙwayar gadon da ta lalace, suka noma fata faifai-faifai aka dasa masa a kusan kashi 80 na jikinsa, yaron ya tashi ya koma makaranta. Kuma Ɗaliba ki saurari wannan, da suka bi zuri'o'in da ke sabuwar fatarsa bayan watanni sai suka ga 'yan kaɗan ne masu dogon rai ke riƙe da ita, sauran da yawa sun shuɗe. A mutum dai ga alamar uwa nan.

Lissafi_Zalla:
Dakta ina girmama wannan aikin matuƙa amma a yi hattara da abin da ake ɗora masa. Sel ɗin da aka ciro aka raya a faranti aka dasa a jikin da ba fata ba a zaman lafiya yake ba, yanayin rauni ne mafi tsanani. Kuma raguwar zuri'o'i da lokaci ai shi ne ainihin abin da lissafin ƙuri'a ma ke hasashe ko babu uwa. A 2020 mutanen Kambirij sun sake bin alƙaluman baya da kunne da tafin ƙafa suka ce sel iri ɗaya ya wadatar ya bayyana su, wutsiya ce mai yankuna biyu ke rikita lissafi.

Dakta_Fata:
Ba raguwar kaɗai suka dogara da ita ba, sun sake raya sel daga sabuwar fatar suka ga irin waɗanda suka ɗore su ne masu ba da manyan zuri'o'i a faranti, kuma tun kafin dashen 'yan tsiraru ne a cikin taron. Ban sauka daga ra'ayina ba gaskiya.

Mai_Shakka:
Na karɓi misalan Dakta, musamman na yaron. Amma ku lura ku biyun da kuka fi mu sani ma ba ku daidaita ba.

Tsohon_Malami:
'Yata, game da jarrabawa, ki rubuta na Potten da shekararsa da hujjarsa yadda aka koya miki, sannan ki ƙara sakin layi ki ce bin zuri'a na 2007 ya nuna zuri'o'i ba sa tsayawa a iyakar gida, ki kawo na Burasels da na Yale. Malamin kirki zai ji daɗi. In da hali ma ki same shi a ofis da ladabi kafin ranar ki nuna masa, ni ɗalibi ne ya fara kawo min labarin aikin Kambirij ina tsaka da zana kusurwa shida a allo, na karɓa na karanta a daren, washegari na shigo aji na gyara da bakina. Jerin ɓawon nan da Potten ya gani fa yana nan har gobe, duk wanda ya duba kunne zai gan shi, abin da aka gane shi ne sel ɗin da ke hawa cikin jeri guda ba lallai 'yan zuri'a ɗaya ba ne.

Ɗalibar_Bayoloji:
In sha Allah haka zan yi Baba, na gode ƙwarai. Yaya Ɗan_Lab don Allah, furojet ɗina na shekara mai zuwa ina so in gwada ɗago fatar nan ko da babu ɓeraye masu launi. Da ɓera na gama-gari za a ga wani abu kuwa?

Ɗan_Lab:
Za a gani sosai. A yi wa ɓeran allurar EdU, wata alama mai shiga sabon DNA, awa ɗaya ko biyu kafin a ɗauki fatar, duk sel ɗin da ke kwafar DNA ɗinsa a lokacin zai kama, sai ki ƙirga masu haske a wurin ɓawo da na tsakani ki kwatanta. Abu biyu ki kiyaye, ki riƙa ɗauka a lokaci ɗaya na yini kullum don rabuwar sel a fatar ɓera tana hawa da sauka tsakanin dare da rana, in kin ɗauki wani da safe wani da yamma alƙalumanki za su watse. Sannan ki fara neman izinin kwamiti tun yanzu don yana ɗaukar lokaci, kafin ya fito ki roƙi wutsiyoyin ɓerayen da wasu suka riga suka gama aiki da su ki riƙa koyon jan da hantsaki, goman farko duk za su yage miki.